Tsuntsu Mai Kama da Buta

Shekara talatin da ɗaya Goggo ta yi a ɗakin wanki da guga na asibiti, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kawo mata tabon da ya fi ƙarfinta ba. Na jini ne, na magani ne, na biro ne a aljihun rigar likita, za ta ɗaga shi a hasken taga, ta ɗan taɓe baki, ta ce, "Ajiye min shi nan." Kafin a tashi aiki ka nemi tabo ka rasa. Ran da ta yi ritaya aka haɗa mata ɗan taro, aka ba ta agogon bango da takardar yabo. Ta dawo gida ta rataye agogon, ta zauna tana kallonsa. Ta kalle shi yau, ta kalle shi gobe. Wasa-wasa sai da ta yi wata huɗu a kujerar bakin taga, rediyo na ta surutunsa shi kaɗai, shayi na hucewa a kofi.

Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Wadda ta rage mata kusa ita ce Yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, mai ba ta shekara tara. Layi ɗaya ne tsakanin gidajensu, tafiyar minti biyar in gwiwa ta yarda. Duk unguwa Goggo ake ce mata, har likitocin da suka girme ta, amma ban da Yaya. A bakin Yaya har gobe ita Auta ce.

Wata Talata da hantsi sai ga Yaya a ƙofa, tana haki, rungume da ƙunshi a tsohon zane.

"Ke Auta, tashi ki karɓe ni, ko so kike in faɗi a ƙofar gidanki a ce ke kika ture ni?"

Goggo ta karɓi ƙunshin, ta ja mata kujera. Sai da Yaya ta sha ruwa, ta soki labulen ɗakin da ya yi ƙura, ta soki shayin da aka bari ya huce, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Babban ɗanta, wanda kowa ke kira Injiniya, aiki ya mayar da shi can nesa, tafiyar kwana biyu a mota. Yana gini. Ya ce in ginin ya kammala zai zo ya ɗauke ta, don ba zai bar ta ita kaɗai da hawan jini da wannan gwiwar ba.

"Shekara guda ya ba ni, kamar mai gidan haya," in ji Yaya.

Goggo ta miƙe ta ɗauki kofi don ta sami abin yi da hannunta.

"Ajiye kofin nan ki kwance ƙunshin."

Tana kwancewa ƙamshin kafur ya fara buge ta, sai ga farin ƙyalle da ya koma kalar madara don tsufa. Tun kafin ta warware shi ta gane shi. Ƙyallen Inna ne, mahaifiyarsu. Ɗinkin gicciye ne, irin wanda ake ƙirga ramukan yadi, zare ɗaya ya kwanta a karkace, ɗaya ya hau kansa ya gitta, a yi ta jera su har hoto ya fito. Inna ta raba ƙyallen gida ashirin, kowane gida faɗin tafin hannu. Takwas ta cike: fure, kifi, fitila, gida mai taga biyu, bishiya, tsuntsu, kwalekwale, tauraro. Sha biyu na nan fari fat. A tsakiya kuma ga takardun littafin lissafi mai gida-gida, inda Inna ta zana duk hotunan da fensir mai launi tun kafin ta fara. Shekarar da Baba ya rasu ta naɗe shi ta sa a akwati, ba ta sake taɓa shi ba har ta koma ga Allah.

"Idona ba ya ganin ramin allura, yatsuna sun ƙi lanƙwasa," Yaya ta ce. "So nake in tafi da shi a cike. In shimfiɗa shi a can, in riƙa jin kamar ina gida."

"Yaya, rabona da allura tun ina budurwa."

"To me kike yi da ya fi shi? Gadin agogo?"

Da safe Goggo ta ɗaura mayafi ta tafi shagon Mai Zare, a bayan tashar mota, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da gilashin taga. Shago ne siriri, bango guda zare ne tun daga ƙasa har sama, launi bayan launi. Mai Zare mace ce gajera mai fara'a, almakashi rataye a wuyanta kamar sarƙa. Ta ɗora guntun zaren Inna a tafinta, ta yi ta ɗauko ƙullin zare tana gwadawa har ta samo masu kama.

"Gida sha biyu? Goggo, ai kamar don ke aka yi," in ji ta. "Muna da ƙungiya a nan. Kowane wata kowa za ta gama gida ɗaya, Asabar ɗin ƙarshen wata a kawo a nuna. Wadda ta zo hannu rabbana ita za ta dafa shayi ta wanke kofuna, kuma duk abin da aka faɗa mata ta haɗiye."

"Ni ba na son taro."

"Ba taro ba ne. Tsofaffi shida ne da bakinsu."

Haka Goggo ta zama ta bakwai.

Watan farko da ƙyar ta sha. Ta ƙirga rami ta ɓata, ta warware, ta sake. Ta sayi tabarau na biyu ta ɗora kan na farko. Amma kujerar nan ta bakin taga, wadda da take cin ranarta a banza, sai ta zama wurin aiki. Da ta gama sharar safe za ta ɗaure ƙyallen a zoben katako ya miƙe tsaf, ta ɗora takardar Inna a cinya, ta fara. Ba ta san lokacin da bakinta ya kama ƙirga a hankali ba: uku ja, biyu kore, tsallake ɗaya. Rannan ta ji muryar, ta tsaya cak. Muryar Inna ce sak ke fita daga bakinta.

Daga nan abubuwa suka riƙa dawo mata, ba ta kira su ba. Ɗakinsu na haya mai rufin kwano, da yadda ruwan sama ke hana su jin maganar juna. Keken ɗinkin Inna a gefen gado, tulin rigunan 'yan makaranta a kansa, don da shi aka ci da su. Ƙyallen nan kuwa ba na kowa ba ne, na Inna ne ita kaɗai, sai ta gama aikin mutane take ɗauko shi, shi ya sa gida ɗaya kan ci mata shekara. Ta tuna gwangwanin biskit da ba a taɓa samun biskit a ciki ba sai maɓallai. Baba ne dai ya ƙi dawowa sosai. Tana da shekara biyar ya rasu. Bakanike ne. Abin da ta riƙe nasa bai wuce warin baƙin mai ba, da wasu manyan takalma a bakin ƙofa da take zura ƙafafunta biyu cikin ɗaya. Ko hotonsa babu, guda ɗayan da aka ɗauka ruwa ya cinye shi.

Ta gama agwagwa, ta gama laima, ta gama keke. Kowace Asabar ɗin ƙarshen wata ta naɗe ƙyallen yadda sabon gidan kaɗai zai fito, ta nuna, a yaba, ta mayar jaka. Tana da dalilinta. Gidajen Inna bakwai kamar da inji aka yi su, gaba da baya tsaf. Amma tsuntsun nan na gida na shida, kai, abin ba daɗin gani. Ciki ya kumbura, wuya ya karkace, baki ya yi tsawo. An ja zaren har yadin ya tattare. Ga kuma wani baƙin tabo a kusurwa, ya kai girman kan babban yatsa. Goggo ta ɗauka Inna ta yi shi ne cikin gajiya ko ciwon ido, ta kuwa ƙudurta ba mai ganin wannan.

A wata na bakwai asiri ya tonu. Akwai wata a ƙungiyar da ake kira Malama, tsohuwar shugabar makaranta, doguwa, mai duba aikin mutane ta saman tabarau kamar za ta ba da maki.

"Wata bakwai kina nuna mana shi ta ƙofar taga," in ji Malama. "Yau dai a buɗe mana gidan gaba ɗaya."

Sauran suka ɗauka, a buɗe, a buɗe. Mai Zare ta share teburin yanka, aka shimfiɗa. Aka kewaye shi ana kallo. Wata ta shafa kifin ta ce, "Allah ya jiƙan masu hannu." Goggo ta ji kanta ya yi girma. Sai yatsan Malama ya sauka a gida na shida.

"Wannan fa? Tsuntsu ne ko buta?"

Aka kwashe da dariya.

"Buta ce mai ƙafa," wata ta ce.

"Ku duba ma," Malama ta matso da fuska, "duk ƙyallen zaren sama dama yake kallo. Nan kuwa hagu. Kuma an ja shi kamar ana faɗa da shi. Hala ranar an ɓata wa tsohuwa rai."

Ba da mugunta ta faɗa ba, haka bakinta yake. Goggo ma ta yi yaƙe, ta sha shayinta. Amma a hanyar gida kunnuwanta zafi suke. Innarta, wadda ta yi shekara arba'in tana ɗinka wa 'ya'yan mutane riguna ba a taɓa dawo mata da ko ɗaya ba, ita ce yau ake wa dariya a shagon zare? Kafin ta kai ƙofa ta gama yanke shawara. Takardar tsuntsun na nan, zane mai kyau, siririn wuya. Za ta gyara wa Inna abinta, ba wanda zai sani.

Da tabon ta fara, don nan ne gidanta. Ta shinshina, ta murza, ta gane mai ne, tsohon mai da ya shekara sittin yana kwance. Ta goga masa alli ta bar shi ya wuni. Ta bi shi da sabulun wanke kwano da ruwan ɗumi, tana ɗan dannawa da tsohon buroshin haƙori, a hankali don kada yadin ya ji. Kwana uku suna kokawa. A na ukun ta ɗaga ƙyallen a taga, ta nemi tabo ta rasa. Ta yi murmushin da ta daɗe ba ta yi ba, ta ce, "Ai na faɗa maka."

A rana ta huɗu da safe ta ɗauki ƙaramin almakashi da allura ta shiga warware tsuntsun. Zaren ya yi gardama, sai da ta riƙa yanka shi guntu-guntu. Ta cire baki, ta cire kai, ta cire wuya da cikin nan mai kumburi. Saura ƙafafu biyu da reshen da suka taka sai ta ji sandar Yaya a tsakar gida.

"Auta, kin ga yadda maƙwabcinki ya ajiye mota a..."

Maganar ta tsaya a nan. Yaya ta dubi zoben katako, ta dubi guntayen shuɗin zare a kan zanen Goggo.

"Me kika yi?"

"Gyara nake. Jiya-jiyan nan aka yi wa Inna dariya a kansa, Yaya, wai buta..."

"Ina tabon?"

"Na fitar. Kwana uku ya ci min, amma..."

Yaya ta lalubi kujera ta zauna. Goggo ta saba da faɗan Yaya tun tana goye, ta san ihunta, ta san zaginta. Wannan shirun ne ba ta sani ba.

"Cewa na yi ki cike gurbi," Yaya ta ce daga ƙarshe, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ban ce ki yi gyara ba. Ba Inna ce ta yi tsuntsun nan ba. Baba ne. Tabon kuma yatsansa ne."

Ta kwance ƙyallen daga zoben da yatsunta masu ciwo, ba ta yarda an taya ta ba. Ta naɗe, ta sa a hammata, ta fita. Goggo na zaune da almakashi a hannu, tana jin sandar na nisa, ƙwas, ƙwas, har ta daina ji.

Wata na takwas ya zo ya wuce. Goggo ta je shago hannu rabbana, ta dafa shayi, ta wanke kofuna bakwai. Malama ta fara, "Yau ɗalibarmu ba ta yi aikin gida ba," sai ta ga fuskarta, ta mayar da sauran ciki. Da aka watse Mai Zare ta riƙe ta a bakin ƙofa, Goggo ta faɗa mata komai a tsaye.

"Yanzu wata nawa ya rage ta tafi?"

"Huɗu."

"Gida nawa?"

"Biyar. Da tsuntsu."

"To kina nan kina wanke min kofi? Kofunan nan ba inda za su."

Da la'asar ta tafi. Ta tarar har an fara haɗa kwalaye a falon Yaya, an sauke hotunan bango, sai shatinsu ya rage a fenti. Yaya na zaune a bakin gado, ƙyallen a gefenta. Goggo ta durƙusa ta gaishe ta kamar ba ita ce mai shekara sittin da huɗu ba.

"Tashi, kafin gwiwarki ta maƙale in rasa mai ɗaga mu mu biyu," in ji Yaya. "Zauna nan."

Goggo ta zauna kusa da ita.

"Laifina ne ma," Yaya ta ce. "Baba ne ya sa ni na yi alkawari ba zan faɗa wa kowa ba, ni kuma uwar riƙon alkawari, na riƙe har ya zama ɓarna."

Sai ta ba ta labarin. Da aka haifi Goggo, Inna ta kwanta ciwo. Jikin ya warke amma ita ba ta tashi ba. Ta juya fuska bango, ba ta magana, ba ta cin abin kirki, jaririya na kuka sai maƙwabciya ta ɗauka. Aka yi magani har aka gaji. Rannan da tsakar rana Baba ya dawo daga gareji, ko hannu bai wanke sosai ba, ya buɗe akwati ya ɗauko ƙyallen, ya zauna a bakin gado ya zura zare.

"Da ƙyar ya zura. Yatsunsa kamar tabarya. Ya ce, 'Yau ni zan yi miki tsuntsun nan.' Inna ba ta juyo ba. Ya soka, ya ja, ya soka, ya ja, kina jin yadin na kuka. Can sai muka ji murya daga bango: 'Za ka yaga min.' Auta, kwana ashirin rabon da mu ji muryar nan."

"Sai ya daina?"

"Wa? Sai ya ƙara ja! Ta juyo ta ce ba nan ba ne, rami biyu zai tsallake. Ya tsallake uku. Ta ce wai shi wane irin mutum ne da zai iya kwance injin mota ya mayar amma ba zai iya ƙirga biyu ba. Washegari ya dawo ya ci gaba. Ni kuma aka ba ni gadin ƙofa, alewa ɗaya kullum, in na hango abokan aikinsa in yi tari. Ya ce in 'yan gareji suka ji yana ɗinkin fure, sai dai ya bar garin. Kafin ya kai wutsiya Inna na zaune da filo a bayanta tana masa faɗa, ke kuma kina cinyarta kina shan nono."

"Da gangan ya riƙa ɓatawa?"

"Allah kaɗai ya sani. Na tambayi Inna bayan rasuwarsa, ta ce da gangan ɗin ma bai iya ba."

Goggo ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ta rufe fuska da gefen mayafi. Abu ɗaya tak da hannun ubanta ya bari a duniya, kuma saboda ita ya yi shi, ita ce ta bi shi da alli da buroshi har kwana uku, tana murna.

"Ya isa," Yaya ta ce. "Kukan ba zai dawo da mai ba. Ɗauki ki ɗaga a taga, ki ga abin da na gani."

Goggo ta ɗaga ƙyallen. Hasken yamma ya ratso ta yadin, sai ga shi. Duk inda Baba ya ja zare kamar mai ɗaure noti, ramin ya buɗe bai koma ba. Ɗigo-ɗigon haske ne suka jeru: ga kumburarren cikin, ga karkataccen wuyan, ga dogon bakin, tsaye kan ƙafafu biyu na shuɗin zare.

"Hanyarsa na nan," in ji Yaya. "Sai ki bi sawu."

Wata huɗun nan Goggo ba ta san hutu ba. Tun rana na fitowa har hasken taga ya ƙare tana kai. Ta gama almakashi, ta gama malam-buɗe-littafi, wani watan ta kai gida biyu shago, Malama ta duba gaba ta duba baya ta ce, "Ba laifi," wanda a bakinta kyauta ce babba. Gida na ashirin, ƙofa ce a buɗe, ta gama shi saura mako biyu.

Tsuntsun ne ya gagara. Ta bi ramukan Baba ɗaya bayan ɗaya, ta juya zaren sama hagu yadda ya yi, ta kai wa Yaya.

Yaya ta kawo shi dab da hanci. "Wannan ai tsuntsu ne."

"To da me kike so?"

"Buta nake so."

Ta warware ta sake, ta ƙara ja. Yaya ta ce ya yi kama da tsuntsun da ya ƙoshi, amma har yanzu mai ladabi ne. Ta sake na uku. Hannun da ya shekara talatin yana lallaɓa yadi ya ƙi yarda ya ci zalinsa. Ko ta ce masa ja, sai ya sassauta da kansa. Ta warware na ukun ma, don yadin ya fara laushi, ta ji tsoron kada ya yage. Ranar tafiya ta zo, gida sha tara a cike, na shida ƙafafu ne kawai da reshe.

Injiniya ya iso a ƙaramar motarsa tare da motar ɗaukar kaya tun da sassafe. Ƙaton mutum ne mai furfura a gemu, ya haura hamsin, amma a gaban uwarsa da Goggo ba ya wuce "to" da "an gama". Aka yi ta fitar da kaya. Goggo na zaune a kan katifar da aka naɗe, ƙyallen a cinyarta. Yaya kuwa ta zuba wa ɗanta ido yana ɗaure wani kwali da igiya. Ya ja, ya taka da gwiwa ya ƙara ja, har kwalin ya lotsa ta tsakiya, wani abu ya ce ƙaras a ciki.

"Kofunana!" in ji Yaya. Sai kuma ta ƙura wa lotsattsen kwalin ido. Ta juyo ta dubi Goggo. Goggo ta dube ta.

"Kai, zo nan," Yaya ta ce. "Zauna."

"Umma, direba na jira."

"Ya jira. Auta, zura masa."

Injiniya ya dubi allurar da aka danƙa masa kamar an ba shi kunama. "Goggo, ni fa ko maɓalli ban taɓa sawa ba."

"Shi ya sa," suka ce a tare.

Ya zauna a kan kwalin littattafai, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, zoben katako ya ɓace a tafinsa. Goggo ta tsaya a kansa tana nuna masa ramukan da tsinken ashana. Ya soka, ya ja, yadin ya tattare.

"Sannu, za ka..." Goggo ta fara, sai ta kama bakinta.

"Bar shi," in ji Yaya. "Ja, ɗan albarka. Duk kuɗin makarantar da aka kashe maka yau za su yi amfani."

"Wai me nake ɗinkawa ne?"

"Ba ruwanka. Tsallake biyu. Biyu na ce! Auta, kin gani? Uku ya tsallake."

Direba ya danna hon, ya sake dannawa, ya gaji ya shigo, ya tarar da mai gidansa na gumi a kan allura, tsofaffi biyu na masa ihu ta dama da hagu. Aka ba shi shayi a kofin da ya tsira, aka ce ya zauna ya yi shiru. Injiniya ya soki yatsa sau huɗu. Yana yi yana tambaya, wane ne ya fara wannan aika-aikar, Yaya na ba shi labarin kakan da bai taɓa gani ba: yadda yake waƙa in yana wanke hannu, muryar ba daɗi, yadda yake tsoron kaza, yadda ya taɓa ɗaukar Auta a aljihun rigar aikinsa ya zaga da ita layi. Rabin labaran Goggo ma yau ta fara jin su. Ta riƙa cewa, "Sai me?" har ta manta da nuna rami.

Rana ta karkata kafin ya kai baki. Goggo ta ɗaure zaren ta baya ta yanke. Yaya ta karɓa, ta kawo dab da hanci, ta shafa da yatsa, ta daɗe.

"Mummuna," ta ce. "Alhamdu lillahi."

Ba ta yarda an sa shi a kwali ba. Ta shiga gaban ƙaramar motar ɗanta ta shimfiɗa shi a cinya. Goggo ta riƙe murfin motar tana ta jero abin da ba shi ne a ranta ba: a riƙa shan magani kan lokaci, kada a zauna a ƙasa, a kira in an sauka. Yaya ta ce, "Sakar musu ƙofa, Auta." Ta saki. Motar kaya ta yi gaba, ƙaramar ta bi ta, suka sha kwana wajen mai gyaran taya.

Ta kama hanyar gida a hankali. Ba ta kai ƙofarta ba waya ta yi ƙara a jaka.

"Auta! Kin bar allura a jiki, ta soke ni a cinya."

"Wayyo, Yaya, sannu. Cire ta ki ba Injiniya ya yar."

"In yar da allurar mutane? Tana nan na maƙale ta a gefe. Ki zo ki karɓi abarki."

"Yaya, kwana biyu ne fa a mota."

"To wa kika bar wa ya zo ya karɓa? Ki taho da zare kuma, akwai labule a can da ba komai a jikinsa."